Babi na Bakwai: Jan Bokiti Ba Ya Shiga Madafi

Duk wanda ya san unguwannin Aboabo ko Asawase ko Sabon Zongo a Kumasi da sassafe ya san cewa kafin rana ta ɗaga, yawancin mutanen unguwa sun riga sun ci daga hannun wani. Mai koko da ƙosai ta fito tun bayan asuba, mai wake da shinkafa ta buɗe tukunyarta a bakin titi, da yamma kuma mai tsire da mai tuwon zafi su karɓi fage. A tsaya gefen teburin mai wake da shinkafa, a bar kallon abincin, a kalli tsumman da ke rataye a kafaɗar yarinyar da ke taya ta aiki. Da shi ta share teburin da aka yanka ɗanyar kaza da asuba. Da shi ta goge bencin da masu ci suka zauna, ta tsoma shi a bokitin da ke ƙarƙashin tebur, ta matse, ta tsane hannunta bayan ta karɓi kuɗi. Da wani ya ce farantinsa da jiƙa, da shi ta goge farantin kafin a zuba masa taliya da latas. Ba ƙazama ba ce. Ta fi kowa a wurin yawan goge-goge, kuma duk wanda ya gan ta zai yaba mata. Matsalar ita ce tsumma ɗaya ne ke yin aiki biyar, kuma a kowane aiki yana ɗaukar wani abu ya kai gaba.

Abin da yake ɗauka ba a ganinsa. Ɗanyar kaza, musamman daskararriyar da ake saya a shagunan sanyi a narkar da ita a roba, takan zo da ƙwayoyin cuta irin su Salmonella da Campylobacter, kuma ruwan da ke ɗiga daga jikinta cike yake da su. Hanjin saniya yakan ɗauki wani nau'in E. coli da ake kira O157, wanda ƙwayoyi ƙalilan daga cikinsa sun isa su lalata ƙodar yaro. Taifot da kwalara kuwa daga bayan gidan ɗan Adam suke fitowa, su bi hannu, su bi ruwa, su bi tsintsiya da bokiti har su isa baki. Tsumma mai laima, da ɗan maiƙo da ɓurɓushin abinci a jikinsa, a cikin ɗumin Kumasi, wuri ne da da yawa daga cikin waɗannan ƙwayoyi ke hayayyafa, wasunsu kuma suna iya ninkawa cikin kamar minti 20. Tsumman da aka goge jinin kaza da shi da ƙarfe shida na safe ya fi haɗari da ƙarfe goma, ko da an ɗauraye shi sau uku a tsakani, muddin a ruwan bokiti ɗaya ake ɗaurayewar.

Girman abin ba ƙarami ba ne. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da ciwo daga gurɓataccen abinci kowace shekara, 420,000 kuma su mutu. Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin idan aka duba yawan jama'a: sama da miliyan 91 ke kwanciya, kimanin 137,000 ke rasuwa, kuma yara 'yan ƙasa da shekara biyar ne abin ya fi ci. A nan Ghana, annobar kwalara ta 2014 ta kama fiye da mutum 28,000, ta kashe sama da 240, har ta sa gwamnati ta ware Asabar ɗin farko ta kowane wata a matsayin ranar tsaftar ƙasa. Tun kafin nan, a 2002, masu bincike na Cibiyar Noguchi sun gwada abincin titi a Accra, suka tarar cewa abin da aka sauke da zafi yawanci lafiya lau yake, amma salak da taliya da fufu da daƙaƙƙen barkono, wato abin da ake ci a sanyi ko ake yawan taɓawa bayan ya nuna, su ne suka fi gurɓata. Masu binciken cibiyar kula da ruwa ta IWMI kuma sun daɗe suna nuna cewa latas ɗin da ake nomawa a gefen Kumasi da ruwan rafuka masu ɗauke da ƙazantar gari yana isowa kasuwa da ƙwayoyin najasa a jikinsa. Duk inda aka duba, wuri ɗaya ake komawa: tsakanin tukunya da baki, inda hannu da wuƙa da roba da tsumma ke aiki.

Akwai wani bincike da ya kamata duk mai son gyaran wannan harka ya sani, domin a Kumasi aka yi shi. A 2008, Thilde Rheinländer da abokan aikinta suka wallafa abin da suka gano bayan zama da masu sayar da abinci da masu saye a garin. Sun tarar cewa masu sayarwa ba jahilai ba ne a kan tsafta. Sun san a wanke hannu, sun san a rufe abinci. Amma abin da mai saye ke dubawa shi ne kyan gani: tebur a goge, mai abinci cikin tsaf, wurin babu ƙuda, sannan ko ya san ta ya yarda da ita. Mai sayarwa kuwa abin da kasuwa ke biya shi take yi. Wannan ne ya sa nake ganin wa'azin tsafta kaɗai ba zai kai mu ko'ina ba. An yi taruka, an raba takardu, an yi shela a rediyo, kuma sanin yana nan a kai. Amma da ƙarfe bakwai na safe, da mutum goma sha wani abu a tsaye kowa na miƙo kuɗi yana kiran Hajiya, hannu ba ya tsayawa neman shawarar kai, abin da ya fi kusa yake ɗauka. Saboda haka dabara ita ce a cire dokar daga cikin kai a sa ta a jikin kayan aikin, ta yadda kuskure zai fito fili tun kafin a gama yin sa. Amfanin launi ke nan.

Tsarin ba shi da wuya. A kasa wurin sana'a gida-gida gwargwadon haɗarinsa, a ba kowane kashi launinsa, sannan duk bokiti da tsumma da soso da buroshi da safar hannu da ke aiki a wannan kashi su zama masu wannan launi, kada su tsallaka. A Ingila, inda kowane asibiti ya daɗe yana bin tsarin kansa har ma'aikacin da ya sauya wurin aiki yakan rikice, hukumar kula da lafiyar majinyata ta tsayar da tsari ɗaya a 2007: ja na bayan gida da wurin wanka, shuɗi na ɗakunan kwanciya da ofisoshi, kore na madafi da rabon abinci, rawaya na ɗakin da aka keɓe mai cuta mai yaɗuwa. Gidajen abinci na can suna da makamancinsa a allunan yanka, inda ɗanyen nama da ɗanyen kifi da dafaffen nama da ganye kowanne ke da nasa allo. Sun san kuɗin da ake biya idan ba a raba ba. A 2005, a kudancin Wales, wani mahauci a garin Bridgend da ke kai wa makarantu nama yana amfani da inji ɗaya wajen liƙe ɗanyen nama da dafaffe a leda. Mutum 157 suka kamu da E. coli O157, yawancinsu 'yan makaranta, yaro ɗan shekara biyar ya rasu, mahaucin kuma ya tafi kurkuku. Ƙasa ce mai ruwan famfo da firiji da masu duba abinci, amma kayan aiki guda da ya yi aiki biyu ya isa ya jawo wannan.

Ina ganin Zongo ta fi Ingila buƙatar wannan tsari, kuma ta fi ta dacewa da shi. A dubi waɗanda ke riƙe da tsumma da bokiti a gidajen abincinmu. Ba kasafai mai wurin ce ke wanke-wanke ba. Yara mata ne da suka sauko daga arewa neman abin kansu, wata Dagomba, wata Mamprusi, wata Frafra, wata Mosi daga Burkina Faso, wata ta yi wata uku ta koma gida lokacin damina, wata ta bar aikin ta koma dako a kasuwar Kejetia, gobe a kawo sabuwa. Hausarta ba ta nuna ba tukuna, Twi ɗinta na ciniki ne kawai, da yawa kuma ba su yi nisa a boko ba. Takardar da aka manna a bango da Turanci ba da ita take magana ba. Amma ba a buƙatar tafinta kafin a gane ja da kore. A ranar da ta fara aiki, uwar ɗakinta za ta ɗaga jan bokiti ta nuna mata bayan gida, ta ɗaga koren tsumma ta nuna mata faranti, magana ta ƙare. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne mai wurin za ta iya sa ido ba tare da ta bar tukunya ba. Idan duk tsummokaran tsohon atamfa ne iri ɗaya, ba ta da hanyar sanin wanda ya fito daga bakin kwata. Idan ja ya bayyana kusa da faranti, daga inda take zaune za ta hango, haka ma mai saye da ke kan layi.

Za a ce wannan ɗabi'ar Turawa ce, ta otal-otal da manyan asibitoci, ba ta rumfar kwano da benci biyu ba. Ban yarda ba, domin asalin tunanin ba baƙo ba ne a gidan Musulmi. A gidajen haya na Zongo, inda iyalai da yawa ke tarayya a tsakar gida ɗaya, kowa ya san butar bayan gida daban take da butar da ake zuba ruwan sha, kuma yaron da ya haɗa su zai sha faɗa. An raba aikin hannun dama da na hagu tun yaro bai iya magana ba. Almajirin da ya fara Ahlari ko Ishmawi, da babin tsarki da najasa yake farawa. Mutanen da suka tashi a kan haka ba sa buƙatar a koya musu cewa akwai abin da ba ya haɗuwa da wani. Abin da ya rage shi ne a faɗaɗa iyakar. A fiƙihu, ruwa yana nan da tsarkinsa muddin launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa bai sauya ba. Wannan hukuncin ibada ne, kuma malamai ba su ce takardar likita ba ce. Ruwan da ke ɗauke da kwalara yana iya zama garau, babu wari, babu ɗanɗano. Tunda ƙwayar ba ta da launin da za a gane ta da shi, sai a ba wa bokitin da ke ɗaukar ta launi. Ghana kuma ta riga ta nuna tana karɓar irin wannan dabara. Bokitin wanke hannu mai famfo da Veronica Bekoe, masaniyar kimiyya 'yar ƙasar nan, ta ƙirƙiro, ya cika ƙofofin shaguna da masallatai da makarantu a lokacin korona a 2020, har yana ɗauke da sunanta. Asibitocin ƙasar ma da launi suke raba shara, baƙi na sharar yau da kullum, rawaya na abin da ya taɓa cuta.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta ruwa da kuɗi, kuma bai kamata a yi mata gaggawa ba. Mai faɗin ta zai ce: unguwar da famfo ke zuwa yau ya ɗauke gobe, inda gidaje da yawa ba su da bayan gida sai na kuɗi a bakin hanya, inda rafin Aboabo ke ɗauke da sharar gari yana ambaliya da damina, ana maganar launin tsumma? Gaskiya ne cewa launi ba ya maye gurbin famfo ko magudana, kuma duk hukumar da ta ɗauki wannan tsari don ta kauce wa aikinta na kawo ruwa da gina bayan gida ta ci amanar jama'a. An kafa asusun raya Zongo a 2017 domin irin waɗannan manyan ayyuka, ya kamata a ci gaba da bin sa bashi. Amma a lura da inda hujjar ta kai mu idan aka bi ta har ƙarshe. Inda ruwa ya wadata, mai aiki na iya wanke tsumma da sabulu a ƙarƙashin famfo bayan kowane aiki, raba launi ya zama ƙarin kariya kawai. Inda ake sayen ruwa jarka-jarka, ba wanda zai zubar da bokiti bayan kowace tsoma, don haka ruwan zai daɗe, kuma abin da ya rage shi ne a tabbatar ruwan da ya ga kaza bai ga faranti ba. Ƙarancin ruwa dalili ne na rabawa. Batun kuɗi kuwa, robobi da bokitai da soson raga da ake sayarwa a Kejetia da Alabar dama can da launi-launi suke zuwa, kuma ja bai fi kore tsada ba. Mai abinci ta riga tana da roba huɗu ko biyar. Ba a ce ta sayi sabon abu ba, an ce ranar da za ta sake saye ta zaɓi launi da niyya. Kafin nan, ɗigon fenti a hannun bokiti ko ƙyalle mai launi da aka ɗaura wa tsintsiya ya wadatar.

Mahauta da masu tsire suna da tasu amsa: wuta tana kashe komai. Tana kashewa, amma abin da ya shiga cikinta kaɗai. Tsire ya sauko daga wuta lafiya, sai a ɗora shi a kan katakon da aka fere ɗanyen nama, a yanka shi da wuƙar da ba a wanke ba, a haɗa masa ɗanyar albasa da tumatir da aka yanka a wuri ɗaya, a naɗe a miƙa. Abin da wuta ta gyara, katako ya mayar. Katakon da ya daɗe yana shan sara kuwa cike yake da tsagogi da jini ke maƙalewa, kankara da bakin wuƙa ba ta isa can ciki. Katako biyu da wuƙa biyu, a shafa wa ƙotar kowacce fenti, shi ne duk abin da ake nema a nan. Masu cewa mun daɗe muna ci ba abin da ya same mu kuma, su tuna cewa ƙato mai ƙarfi da ya yi kwana biyu yana gudawa ba ya zuwa asibiti, ba ya ma danganta ta da abin da ya ci shekaranjiya. Jaririn da aka yaye, da tsohuwa, da mai ciki, su ne ake kwasa zuwa asibitin Manhyia ko na Komfo Anokye, kuma ba a tambayarsu ra'ayi idan ana wannan gardama.

Akwai haɗari ɗaya da nake tsoro ƙwarai, wanda binciken Kumasi ya riga ya yi ishara da shi: launi ya zama wani sabon ado. Mai wuri ta jera robobi ja da kore da shuɗi don masu wucewa su gani, alhali koren tsumman ya kwana uku bai ga sabulu ba. Launi ba ya wanke komai. Aikinsa kawai ya hana ƙazantar wuri ɗaya tafiya wani. Dole kowane launi a wanke shi shi kaɗai idan an tashi, da sabulu tukuna, domin maiƙo da jini suna kashe ƙarfin parazon, sannan a jiƙa a ruwan parazon ko a tafasa, a shanya a rana ya bushe ƙayau. Bushewar nan tana da muhimmanci ƙwarai, kuma rana kyauta ce. Haka wurin ajiya: idan da dare an cusa jan bokiti cikin kore don a rage wuri, ko an tara tsummokaran duka a roba ɗaya, an rushe aikin yini a minti guda. Ƙusa uku a bango, nesa da juna, ta jan kuma a waje kusa da bayan gida, sun magance wannan.

Wane launi za a ba wane wuri? A nan bai kamata a kwafo tsarin Ingila yadda yake ba, domin shi kansa yana da cikas: a wajen shara ja na bayan gida ne, a allunan yanka kuma ja na ɗanyen nama ne. A babban otal mai ma'aikata daban-daban wannan ba ya rikita kowa, amma a rumfar da yarinya ɗaya ke yin duka, rikici ne tsantsa. Shawarata ita ce a taƙaita. Ja ya zama na bayan gida da kwata kaɗai, kada ya shiga madafi ko da wasa. Kore na faranti da duk abin da za a ci ba tare da ya sake ganin wuta ba. Shuɗi na benci da daɓe da teburin masu ci. Ɗanyen nama a ba shi na huɗu, mahauta su zauna da sarkin fawa su zaɓa, muddin ba ja ko kore ba ne. Fiye da huɗu, mutane za su fara mantuwa. A kuma tuna akwai maza da idonsu ba ya rarrabe ja da kore sosai, su kansu ba lallai su sani ba, don haka ya kyautu jan bokiti ya bambanta da siffa ma, ko a yi masa babbar alama da baƙin fenti. Mai aski da makarantar Islamiyya da masallaci da gidan baƙi ba sa buƙatar huɗun, biyu sun ishe su, amma jan ya zama ja a ko'ina, don yarinyar da ta bar aiki a Sawaba ta koma Yalwa kada ta sake koyo daga farko.

Wannan daidaito shi ne abin da mai abinci ɗaya ba za ta iya yi ita kaɗai ba. Dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta ba hukumar abinci da magunguna ikon sa ido a kan wuraren sayar da abinci, majalisun Kumasi da Asokore Mampong kuma suna da ma'aikatan duba-gari, waɗanda aka fi sani da tankas, da ke tara masu sayar da abinci don gwajin lafiya kafin a ba su takarda. A wannan taron ya kamata a ɗaga bokitai huɗu a nuna, a kuma sanar da masu sayar da robobi a kasuwa don su riƙa haɗa su saiti. Fadar Sarkin Zongo da limamai da magajiyoyin mata suna da bakin da ake ji fiye da takardar sammaci, kuma na fi son a fara ta wajensu kafin a kai ga tara, don tara da wuri takan koya wa mutane ɓoye jan bokiti idan sun hango tankas ne kawai. Shi kansa ma'aikacin zai samu sauƙi. Ba shi da ɗakin gwaji a aljihu, ba zai iya sanin abin da ke cikin tsumma ba, kuma yau hukuncinsa ya dogara ne ga abin da ya gani na kyau ko muni, wanda ke buɗe ƙofar gardama da son rai. Da tsarin launi, tambayoyinsa za su zama waɗanda shi da mai wurin za su iya dubawa tare: ina jan yake, ina ake rataye shi, da me aka wanke koren jiya da dare.